Linzami

Ranar Talata, bayan ruwan la'asar,
Nafi'u ya shigo garejina a Muciya
da wata 'yar jar mota mai ƙofa biyu,
gajeriya, cikinta na lasar ƙasa kamar damo.
Ya jefa makulli a kan benci:
"Baba Tanimu, so nake ta yi fushi."

Na ɗaga banat. Inji lafiya lau,
fistin shida, ko tari babu.
Na ce, me ta yi maka?
Ya ce wata baƙa ce ta wuce shi
daidai Ɗan Magaji,
har direban ya ɗago masa hannu.

To.
Muka sauke inji a kan tsohuwar taya.
Haladu ya wanke ƙarafa da fetur cikin daro,
yana jera noti bisa kwali kamar mai kasa goro.
Ndubisi na Sabon Gari ya aika Legas neman tarbo,
mako uku, kullum "gobe".
Muka buɗe mata maƙogwaro ta sha iska,
muka faɗaɗa salansa,
sabon ringi, sabon fulogi,
lagireto mai faɗi saboda zuciyar da za ta riƙa zafi.
Tsohon kuloci ba zai ɗauki wannan kaya ba, na cire shi,
farfela ma ta bi sahu.
Ƙarfi in bai sami gwiwa ba
gidansu yake fara rushewa.

Sai na rubuta masa kuɗin birki
a bayan kwalin fulogi.
Ya duba, ya kwashe da dariya:
"Na zo sayen gudu, kana sayar mini da tsayuwa?
Bar wannan sai wani watan."

Na goge hannu da tsumma.
Shekara talatin da ɗaya, baƙin mai bai bar farcena ba.
Na ce, yaro, dawaki ɗari huɗu ka tara a ƙarƙashin banat,
ka ba su linzamin jaki.
Ɗaga kai. Ka ga sitiyarin can a jikin ƙusa,
wanda ya lanƙwashe kamar bakin tsohon kwano?
Na Labaran ne.
Ni na ɗaura masa inji da hannun nan,
injin kuwa bai ci amanata ba,
duk abin da na koya masa ya yi.
Tirela ce kawai ta tsaya a Kwangila, babu fitila.
Shi ma cewa ya yi sai wani watan.

Na sa makullin a aljihu.
Ya ce zai kira mini 'yan sanda,
ya hau acaɓa ya tafi.
Kwana goma sha ɗaya ruwa na wanke ta a ƙarƙashin dalbejiya,
har kaza ta fara sha'awar inuwarta.
Ranar sha biyu ya dawo,
babu agogon nan mai walƙiya a hannunsa,
ya ajiye kuɗi, bai ce uffan ba.

Faranti huɗu manya, sabon mai, sabon tiyo.
Haladu na taka birki yana ƙirga,
ni ina kwance a ƙasa ina fitar da iska.

Bayan asuba muka ɗauki hanyar Shika.
Ta yi ruri. Giya ta uku ta manna ni da kujera,
gonakin masara suka zama kore guda,
allurar maleji ta wuce inda nake iya kallo.
Sai ga tunkiya.
Ya taka.
Ƙasa ta riƙe mu kamar uwa ta cafke ɗa a bakin rijiya.
Tunkiyar ta dube mu, tana tuƙa,
ta ƙarasa tsallakawa, ko godiya.

Hannunsa na rawa a kan giya.
Na yi kamar ban gani ba.

Da muka dawo ta Fizet gari ya waye,
muka maƙale a bayan wata keke mai lodin rake.
Dawaki ɗari huɗu,
suna takawa a hankali
har gareji.